Wace Rana Aka Haifi Yesu, Kuma Me Kiristoci Ke Nufi Da Kirsimeti?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Saminaka, ya rubuto yana cewa duk ƙarshen shekara maƙwabtansa Kiristoci sukan aiko masa da shinkafa da nama. Yana so ya san ko da gaske ne ran 25 ga Disamba aka haifi Yesu Almasihu, kuma mene ne ma'anar bikin a wurinsu.

To, malam mai tambaya, ita dai ranar babu wanda ya san ta. Matiyu da Luka ne suka kawo labarin haihuwar cikin Linjila, kuma ba wanda ya ambaci wata ko rana. Sun dai ce a Baitalami ne, wani ƙaramin gari kimanin kilomita 10 kudu da birnin Ƙudus, a zamanin Sarki Hirudus. Kiristocin farko ma Ista ce babban idinsu. Wajen shekara ta 200 wani malamin Iskandariya ta Masar, Kilemen, ya rubuta cewa wasu suna lissafa haihuwar a Afrilu, wasu a Mayu. Shaida mafi tsufa ta bikin 25 ga Disamba daga birnin Rum ta fito, ta shekarar 336. Wasu masana sun ce an ɗora bikin ne a kan lokacin da Rumawa ke murnar rana ta fara ƙara tsawo bayan tsakiyar hunturu. Wasu kuwa sun ce lissafi ne: an ɗauka Maryamu ta sami ciki ran 25 ga Maris, ka ƙara wata tara, ka ga inda za ka sauka.

Amma in ka tambayi Kirista mai ilimin addininsa, zai gaya maka ba ranar ce ta dame shi ba. A aƙidarsu, Allah bai tsaya nesa yana aiko da saƙo kawai ba, ya matso kusa har ya zauna cikin mutane a jikin Yesu. Shi ya sa suke kiransa Imanuwel, sunan Ibrananci mai nufin Allah yana tare da mu. Kada ka ɗauka maganar ta zauna cikin sauƙi. Wani limami a Iskandariya, Ariyus, ya koyar da cewa Yesu halitta ne, komai girman darajarsa. Gardama ta yi zafi har Sarki Kustantin ya tara shugabannin coci a garin Nikiya, cikin Turkiyya ta yau, a shekara ta 325, suka ƙi maganar Ariyus. Ka lura, shekara 11 kacal ke tsakanin wannan taro da bikin farko da aka sani a Rum.

Inda labarin ya fi taɓa talaka shi ne yadda aka ce haihuwar ta kasance. Luka ya ce iyayen matafiya ne, ƙidayar da hukuma ta sa ce ta kai su Baitalami, ba su sami masauki ba, aka kwantar da jaririn a komin dabbobi. Waɗanda suka fara jin labarin kuwa makiyaya ne masu kwana a daji da garkensu, ba fadawa ba, ba malamai ba. Kai da ka taɓa sauka baƙon gari ran jajiberin kasuwa ka rasa wurin shimfiɗa tabarma, ka san irin wannan dare. A shekarar 1223 wani bawan Allah ɗan Italiya, Faransis na Asisi, ya ga wa'azi kaɗai ba ya shiga kunnen mutanen ƙauye, sai ya sa aka kawo komi da ciyawa, da sa, da jaki, cikin wani kogo a Gireciyo, domin manoma su gani da idonsu. Daga nan al'adar yin siffar wurin haihuwar ta bazu. Fitilu da bishiya da ɗinkin sababbin kaya duk daga baya suka zo, kuma 'yan kasuwa sun fi kowa sanin amfaninsu.

Nan ne fa aka rabu da Musulunci, gara a faɗa a fili. Musulmi sun yi imani an haifi Annabi Isa, alaihis salam, ba tare da uba ba, suna kuma girmama Nana Maryamu, amma a wurinsu shi bawan Allah ne kuma manzo, Allah ba ya zama mutum. Kowane ɓangare ya san abin da ɗan'uwansa ya riƙe, kuma wannan bai hana kwanon abinci ƙetara katanga ba.

In kana da abokin ciniki ɗan Habasha ko Kibɗawan Masar, kada ka yi masa barka a Disamba. Su tsohuwar kalanda suke bi, tasu Kirsimetin sai 7 ga Janairu, Armeniyawa kuwa 6 ga wata. Da fatan mai tambaya ya gamsu.