Cocin Mormon: Yadda Jama'ar da Aka Yi ta Kora ta Kafa Gari da Tsari

A watan Agustan 1829, Martin Harris, wani manomi mai rufin asiri a garin Palmyra da ke jihar New York ta Amurka, ya jinginar da gonarsa domin a buga wani littafi. Mai maɗaba'ar, E. B. Grandin, ya yanka masa dala 3,000 a kan kwafi 5,000, kuɗin da a wancan zamani ba kowa ke riƙe irinsu ba. Matar Harris ba ta so ba, mutanen gari kuma suka haɗa baki cewa ba mai saye. Haka kuwa aka yi. Littafin ya fito a watan Maris na 1830, kasuwa ta ƙi, har sai da Harris ya sayar da wani yanki na gonar ya biya bashi.

Wannan shi ne Littafin Mormon, wanda ya fito daga hannun wani saurayi mai shekara 24, Joseph Smith, ɗan talakawan manoma da bai yi nisa a makaranta ba. Yadda shi Smith ya bayar da labari, tun yana ɗan shekara 14 rigingimun ɗarikun Kirista na yankinsu suka ɗaure masa kai, ya shiga kurmi ya yi addu'a, sai Allah Uba da Yesu suka bayyana gare shi, aka ce kada ya shiga ko ɗaya daga cikinsu. Daga baya, in ji shi, wani mala'ika mai suna Moroni ya nuna masa alluna na zinariya binne a wani tudu, ya karɓe su a 1827, ya fassara, mala'ikan ya koma da abinsa. Littafin yana ba da labarin wasu mutane da suka baro Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu suka sauka a nahiyar Amurka. Masana tarihi da masu haƙar kayan tarihi da ba 'yan cocin ba ba su yarda da wannan labari ba. Mabiya kuwa suna ajiye littafin gefe guda da Littafi Mai Tsarki, suna karanta su tare.

Ranar 6 ga Afrilu, 1830, aka kafa cocin a hukumance, da sunayen mutum shida. A 1838 ya ɗauki sunan da yake amsawa har yau, wato Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. Mormon laƙabi ne da mutanen waje suka liƙa musu, kuma a 2018 shugaban cocin na lokacin, Russell M. Nelson, ya roƙi a daina kiransu da shi. Bakin duniya dai bai daina ba.

Aƙidar da ta fi raba su da sauran Kirista ita ce, a wurinsu wahayi bai rufe ba. Shugaban cocin annabi ne mai rai, kuma abin da ya ce an saukar masa yana iya sauya hukuncin da aka daɗe a kai. Suna kuma ɗaukar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a matsayin uku daban-daban masu nufi ɗaya. Saboda irin wannan bambanci ne fadar Vatican ta yanke a 2001 cewa ba ta amince da baftismarsu ba.

Shekaru 16 na farko, kusan duk a kan hanya aka yi su. Daga New York suka koma Kirtland a jihar Ohio, inda suka gina haikalinsu na farko a 1836, sannan bankin da shugabannin suka kafa ya durƙushe a 1837, mutane da dama suka yi asarar dukiya suka juya baya. A Missouri abin ya fi muni. Baƙin suna zuwa ne gungu-gungu, suna sayen filaye, suna ciniki a tsakaninsu, suna jefa ƙuri'a wuri ɗaya, ga shi yawancinsu daga arewacin ƙasar suka fito, suka sauka a jihar da ake riƙe da bayi. Zama ya gagara. Ranar 27 ga Oktoba, 1838, Gwamna Lilburn Boggs ya sa hannu a kan umarnin cewa a kore su daga jihar ko a hallaka su. Bayan kwana uku aka kashe mutum 17 a Haun's Mill. Wannan umarni bai tashi daga kundin jihar ba sai a 1976.

A gaɓar kogin Mississippi, cikin jihar Illinois, suka sami wata fadama mai sauro suka janye ruwanta suka gina birnin Nauvoo, wanda cikin 'yan shekaru ya fara gogayya da Chicago a yawan jama'a. A nan Smith ya haɗa iko da yawa a hannu ɗaya: shi ne annabi, shi ne magajin gari, shi ne kwamandan rundunar birnin, a 1844 kuma ya fito takarar shugabancin Amurka. A ɓoye ya fara auren mata fiye da ɗaya. Da wasu tsofaffin na hannun damansa suka buga jarida suka tona zancen, majalisar birnin ta sa aka farfasa injin buga jaridar. Wannan ya ba maƙiyansa abin da suke nema. Aka tsare shi a kurkukun Carthage, ranar 27 ga Yuni, 1844 kuma gungun mutane ɗauke da bindigogi suka kutsa suka harbe shi da yayansa Hyrum. Yana da shekara 38.

Kai ya rabu bayan mutuwarsa. Wasu, har da matarsa ta fari Emma, suka ƙi tafiya, daga baya suka bi ɗansa Joseph Smith na uku. Mafi rinjaye suka bi Brigham Young, kafinta kuma mai fenti, mutumin da ba shi da baiwar wahayi irin ta Smith amma ya san yadda ake tafiyar da jama'a. Idan ana maganar wanda ya mayar da ƙungiyar hukuma mai ɗorewa, to Young ne.

A watan Fabrairun 1846, cikin tsananin hunturu, suka fara tsallake Mississippi. Young ya rarraba matafiya rukuni-rukuni, na ɗari, na hamsin, na goma, kowane da jagoransa. Na gaba suna shuka hatsi a zango domin na baya su girbe. Ayarin farko, maza 143 da mata uku da yara biyu, ya isa kwarin Tafkin Gishiri a watan Yulin 1847, bayan tafiyar kusan kilomita 2,000 daga Nauvoo. Wurin a lokacin ƙasar Meziko ce, busasshiya, ba Baturen da ke kwaɗayinta, dalilin zaɓenta ke nan. Ƙasar dai tana da masu ita, ƙabilun Ute da Shoshone da Paiute, waɗanda suka rasa makiyaya da ruwa a shekarun da suka biyo baya. Tun a ranakun farko baƙin suka datse rafi suka kora ruwa cikin gona suka dasa dankali. Rabon ruwan ban ruwa ya zama aikin gayya, sau da yawa a hannun bishop na unguwa, kuma daga nan bishop ɗin Mormon ya zama mai kula da ciki da gona, ba mimbari kaɗai ba.

Kafin layin dogo ya iso a 1869, kimanin mutum 70,000 ne suka bi wannan hanya, da yawansu talakawan Ingila da ƙasashen arewacin Turai da 'yan mishan suka jawo. Cocin yana ba su rancen kuɗin tafiya, su biya idan sun zauna da gindinsu, a ranta wa wasu. Da kuɗi suka yi ƙaranci, sai aka koma amalanken hannu: iyali su ɗora kayansu su ja da ƙarfinsu, kowane baligi an ƙayyade masa kayan da ba su wuce kilo takwas ba. A 1856 ayari biyu da ake kira da sunan jagororinsu, Willie da Martin, suka makara wajen tashi, dusar ƙanƙara ta rutsa da su a tsaunukan Wyoming, garin alkamar da ake rabawa ya ƙare, sama da mutum 200 suka mutu. Da labari ya iso, Young ya tashi a gaban taron jama'a ya ba da umarnin a tura kekunan dawakai da alfadarai da abinci nan take. 'Ya'yan cocin har yau suna fita daji da irin waɗannan amalanke domin tunawa.

Akwai kuma abin da ba a son tunawa. A Satumbar 1857, lokacin da ake zaman ɗar-ɗar da sojojin gwamnatin tarayya, mayaƙan sa-kai na Mormon suka kashe matafiya kusan 120 a Mountain Meadows. Mutum ɗaya tak, John D. Lee, aka zartar wa hukuncin kisa, shi ma bayan shekara 20.

Batun aure ne ya kusa cinye cocin. An bayyana auren mace fiye da ɗaya a fili a 1852, Young kansa ya auri sama da mata 50. Amurka ta wancan ƙarni ba ta ga abin da ya kai wannan muni ba, sai ta bi su da doka bayan doka. Kotun ƙoli ta yanke a 1879 cewa 'yancin addini bai rufe wannan ba, aka ɗaure magidanta, dokar 1887 kuma ta ba gwamnati damar ƙwace kadarorin cocin. Da tura ta kai bango, shugaba Wilford Woodruff ya sanar a 1890 cewa an dakatar da al'adar. Mabiya suka ce wahayi ne, 'yan adawa suka ce siyasa ce. Ko ma mene ne, Utah, yankin da suka zauna, ta zama jiha a 1896, kuma a yau duk wanda ya ƙara aure a kan matarsa korarsa ake yi. Waɗanda ake nunawa a talabijin da mata birjik, ƙananan ƙungiyoyi ne da suka ɓalle.

Rayuwar ɗan cocin a yau tana ɗauke da tambarin wancan tarihi. Ikilisiyar unguwa ba ta da fasto mai albashi. Bishop yana iya zama likitan haƙori ko malamin makaranta, ya yi kamar shekara biyar ya sauka, a kira wani. Kusan kowa yana da aikin da aka ɗora masa, daga koyar da yara har share ɗakin sujada, wa'azin Lahadi ma mabiya ne ke yi bi da bi. A jibin Ubangiji burodi da ruwa ake rabawa, ba ruwan inabi ba. Ana yi wa yaro baftisma yana shekara takwas. Lahadin farko na kowane wata ana azumi, a tsallake abinci biyu, a miƙa wa bishop kuɗinsa domin mabukata. Tsarin taimakon da aka kafa a 1936, lokacin karayar tattalin arzikin duniya, yana da gonaki da rumbuna nasa, kuma ana kwaɗaitar da iyalai su tanadi abinci a gida saboda ɓacin rana. Daren Litinin na iyali ne.

Giya da taba da kofi da ganyen shayi duk an hana. A teburin mai shayi, ɗan Mormon sai dai a haɗa masa madara da Milo. Dokar ta samo asali a 1833, kuma kamar yadda Young ya ba da labari, Emma ce ta koka da goge tofin taba daga daɓen ɗakin da mazan ke karatu, mijinta ya kai maganar ga addu'a. Da farko shawara ce, sai a farkon ƙarni na 20 ta zama sharaɗi.

Sharaɗin shiga haikali ke nan, wanda ya bambanta da ɗakin sujada na Lahadi. Ba mai shiga sai da takardar izini daga shugabanni, bayan an tambaye shi game da halinsa da kuma zakkar kashi ɗaya cikin goma na abin da yake samu. A ciki ake ɗaura auren da suka yi imani ba ya ƙarewa da mutuwa, a ciki ake baftisma a madadin kakannin da suka rasu. Wannan ne ya sa cocin ya tara ɗaya daga cikin manyan taskokin tarihin zuriya a duniya, har da rumbun da aka haƙa cikin dutse kusa da Salt Lake City, birninsu na kwarin Tafkin Gishiri. Zakkar kuwa ta mayar da cocin da ya shiga ƙarni na 20 da bashi hamshaƙin mai dukiya, kuma ba ya bayyana cikakken lissafinsa ga jama'a. A 2023 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci tararsa da kamfanin zuba jarinsa dala miliyan biyar saboda ɓoye girman jarin.

'Yan mishan na cocin, samarin nan masu farar riga da baƙin baji a ƙirji, biyu-biyu, shekara biyu suke yi, 'yan mata wata 18, akasari da kuɗin iyalansu. Su suka kai mabiya daga miliyan ɗaya a 1947 zuwa sama da miliyan 17 a rajistar cocin, fiye da rabi a wajen Amurka, kodayake rajista daban, masu zuwa sujada daban.

Afirka ta Yamma ta shigo ta wata hanya mai ban mamaki. Tun zamanin Young aka hana baƙar fata muƙamin firist da ibadun haikali. Duk da haka, a shekarun 1960 wasu mutane a kudancin Nijeriya da Ghana suka ci karo da ƙasidun cocin, suka kafa ikilisiyoyi da sunansa, suka yi ta aika wasiƙu Utah ana ce musu su jira. A watan Yunin 1978 shugaba Spencer W. Kimball ya sanar da ɗage haramcin, a Nuwamba kuma aka yi wa Anthony Obinna, malamin makaranta daga ƙasar Mbaise, baftisma, ya zama shugaban reshe na farko a Nijeriya. Sai a 2013 cocin ya fito fili ya barranta daga dalilan wariyar da aka riƙa kafa hujja da su. A Ghana gwamnatin Jerry Rawlings ta rufe ayyukansa a Yunin 1989, mabiya suka koma sujada a cikin gidajensu kusan shekara ɗaya da rabi kafin a buɗe. An keɓe haikalin Accra a 2004, na Aba a jihar Abiya a 2005. Kafin nan, ma'auratan da ke son ɗaurin auren haikali sai sun nemi kuɗin jirgi zuwa Johannesburg ko Landan.