Yadda ake gwada magungunan fargaba a kan ɓeraye

Kafin a bai wa ɗan Adam sabon maganin cutar fargaba, akan fara jarraba shi ne a kan ɓeraye a ɗakunan bincike. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa mutane miliyan 301 ne suka yi fama da wannan cuta a shekarar 2019.

Da yake ɓera ba ya magana, masana kan auna tsoronsa ne ta hanyar wasu ɗabi'unsa guda biyu masu karo da juna: sha'awar leƙa baƙon wuri, da kuma gudun sarari da haske, inda shaho ko kyanwa ke iya cafke shi.

Hanyoyin gwaji

Gwajin da ya fi shahara shi ne na wani dandamali mai rassa huɗu da ake ɗagawa sama da ƙasa, wanda aka ɓullo da shi a Birtaniya a 1984. Rassa biyu suna da bango, biyu kuma a buɗe suke. Akan ajiye ɓeran a tsakiya, a sa masa ido har tsawon minti biyar.

Ɓeran da ba a ba shi magani ba yakan lafe a rassan da ke da bango. Wanda aka bai wa diazepam, wato Valium, wanda ya shiga kasuwa a 1963, yakan fi daɗewa a buɗaɗɗun rassan.

Akwai kuma akwati mai ɗaki biyu, ɗaya da haske ɗaya da duhu, wanda Jacqueline Crawley da Frederick Goodwin suka gabatar a 1980.

Inda gizo ke saƙa

An tabbatar da ingancin waɗannan gwaje-gwaje ne da magunguna dangin diazepam, saboda haka irinsu suka fi ganowa. Fluoxetine da danginsa, waɗanda likitoci ke rubuta wa masu fargaba, sau da yawa ba sa nuna wani amfani idan sau ɗaya aka ba ɓera.

Kazalika a 1999 an gwada ɓeraye iri ɗaya a biranen Portland da Albany na Amurka da Edmonton na Kanada, amma sakamakon ya sha bamban. Wani binciken jami'ar McGill na 2014 ya gano cewa ƙanshin jikin namiji mai bincike ma kan tayar wa ɓeraye da hankali.

Don haka maganin da ya yi nasara a kan ɓera sai ya tsallake gwaji a kan mutane kafin a amince da shi.