Sarki Bridei da Yaƙin Dun Nechtain

Maganarmu ta yau a kan wani sarki ne wanda ya mallaki arewacin ƙasar da a yanzu ake kira Sukotilan, a ƙarni na bakwai na Miladiyya, watau Bridei ɗan Beli. Mutanensa su ne Fiktawa, waɗanda Rumawa suka laƙaba wa suna Picti, ma'ana masu zane a jiki. Su dai Fiktawa ba su bar mana littafin tarihi na kansu ba, sai jerin sunayen sarakuna da duwatsu masu sassaƙa. Don haka yawancin labarin Bridei daga alƙalamin maƙwabta muka same shi, wasunsu ma abokan gaba.

Sa'ad da Bridei ya hau gadon sarauta, wajen shekarar 672, Fiktawa na ƙarƙashin ikon Nosambiriya, masarautar Turawan Ingila da ke kudu da su. Ba a daɗe ba kuwa da Sarki Ecgfrith ya murƙushe wani bore nasu. An ce shi da Bridei 'yan'uwa ne na jini, amma a wurin sarauta zumunci bai cika hana zare takobi ba. A shekarar 681 har limamin Kirista na Ingilishi, Bishop Trumwine, aka naɗa wa Fiktawa a Abercorn. Shi kuwa Bridei sai ya dinga ƙarfafa ikonsa a arewa. Littattafan tarihin Ayalan sun ambaci cewa wajen 682 ya ragargaza tsibiran Orkney.

To, a shekarar 685 Ecgfrith ya yi shiri ya tasam ma ƙasar Fiktawa. Malam Bede, wanda ya kammala tarihinsa a 731, ya ce mashawartan sarki, har da waliyyinsu Cuthbert, sun gargaɗe shi, ya ƙi ji. Fiktawa suka yi kamar sun gudu, suka janyo rundunarsa cikin matsatsin duwatsu. A ranar Asabar, 20 ga Mayu, aka kashe Ecgfrith tare da mafi yawan mayaƙansa a Dun Nechtain. An daɗe ana ɗaukar wurin shi ne Dunnichen a lardin Angus, amma a 2006 masani Alex Woolf ya kawo hujjar cewa Dunachton ne, can arewa.

Abin lura a nan shi ne wanda ya ba da shaida. Bede mutumin Nosambiriya ne, amma da bakinsa ya amsa cewa daga ranar nan ƙarfin masarautarsu ya soma ja da baya, Fiktawa suka karɓe ƙasarsu, Trumwine kuma ya tsere zuwa Whitby. Shaidar wanda aka ci da yaƙi a kan asararsa ta fi kirarin maroƙa nauyi a wurin mai nazarin tarihi.

Bridei ya rasu wajen 693, bayan sarautar kimanin shekara ashirin da ɗaya. Masarautarsa ta Fortriu ta ci gaba da rinjaye a arewa, kuma a kan ƙasar Fiktawa ne daular Alba, tushen Sukotilan, ta kahu wajen shekarar 900. Harshen Fiktawa ya ɓace, amma ƙasar da Bridei ya ƙwato ba ta sake komawa hannun Nosambiriya ba.