Abokin Kuka a Cikin Waya: Nazari kan Zaurukan Taimakon Juna da Matsalar Sirri a Matameye

Gabatarwa

Hausawa na cewa abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. A kan wannan fahimta aka gina zauren taimakon juna: mutanen da ciwo ɗaya ya haɗa, masu fama da shaye-shaye ko damuwar da ta rikiɗe ta zama cuta, su zauna kowa ya faɗi abin da ke cinsa a gaban waɗanda ba za su riƙe baki ba. A shekarun nan wannan zama ya shige cikin waya a ƙasashe da yawa. Nazarin nan yana auna abin da irin wannan zaure zai tarar a gari kamar Matameye, da abin da zai iya, da inda ƙarfinsa zai ƙare. Ana yawan ɗora laifi a kan raunin reso da tsadar kuɗin intanet. Ni kuwa ina ganin sirri shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma duk zauren da bai warware shi ba, mutuwarsa ta zo tun ranar da aka buɗe shi.

Garin da ciwonsa

Matameye ce hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, sama da kilomita 80 daga birnin Zinder, a kan hanyar da ta ratsa Takeita ta gangara Daura har Kano. Ƙasa ce ta gero da gyaɗa, da rake da lambuna a fadamun Korama, ga yawan jama'a ga ƙarancin gona. Shi ya sa cirani ya zama sana'a. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito. An ƙidaya waɗanda suka mutu. Baƙin cikin waɗanda suka rage a gida, da na waɗanda aka riƙa maidowa daga Aljeriya hannu rabbana, shi ba ya shiga lissafi. A nan ba a cewa mutum yana da cutar damuwa. Cewa ake tunani ya yi masa yawa, ko zuciyarsa ta ɓaci, in abin ya tsananta a ce iska ce ko sammu.

Hanyar da ke kawo kayan masarufi daga Nijeriya ita ce kuma hanyar ƙwaya. Tramol, wato tramadol, magani ne na kashe zafin ciwo wanda likita ke bayarwa miligiram 50 ko 100, ba a wuce 400 a yini. Wanda ke yawo a tiren masu tallar magani yakan kai 200 ko 225 ko 250 a ƙwaya ɗaya. Ɗan kabu-kabu da mai yankan rake da ɗan dako ba don nishaɗi suka fara ba. Cewa suke maganin gajiya ne. A 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ba da labarin kama ƙwaya sama da miliyan 3 a Nijar cikin kwalaye masu tambarin Majalisar. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi, ɗaya cikin huɗu mace ce. A 2018 Indiya ta tsaurara dokar tramadol, Nijeriya kuma ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, sai ƴan kasuwa suka koma ga wasu haɗe-haɗe irin su Tafrodol. An toshe rami, ɓeran ya haƙa wani.

Ina iyaye za su kai ɗansu? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne, kuma a manyan birane suke: sashen Pavillon E na Babban Asibitin Yamai, ko Babban Asibitin Zinder, ko a tsallaka zuwa Dawanau a Kano. Mafi kusa shi ne malami mai rubutu da ruƙiyya, kuma da yawansu suna yi da tausayi. Sai dai akwai gidan mari. A Oktoban 2019 ƴan sanda suka kuɓutar da maza da yara 67 daga irin wannan gida a Daura, maƙwabciyar Matameye, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai ƴaƴansu can ba mugaye ba ne. Rasa abin yi ne ya kai su.

Asalin dabarar da hujjarta

A 1935 a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa in ɗaya ya zauna yana yi wa ɗan'uwansa magana, shi kansa ƙishin giyar na lafa masa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo tushe, a 1953 kuma aka kafa takwararta ta masu shan ƙwaya, Narcotics Anonymous. Ƙa'idojinsu masu sauƙi ne: ba a biyan kuɗi, ba a faɗin cikakken suna, abin da aka ji a ɗaki a ɗaki yake kwana, kuma sabon shiga yakan sami wani tsohon hannu da zai kira in sha'awa ta taso masa. A 1965 masanin halayyar jama'a Frank Riessman ya bayyana dalilin da ya sa abin ke aiki: mai taimako yakan fi wanda ake taimaka wa ƙaruwa. A 2020 John Kelly da abokan aikinsa suka tattara bincike 27 da suka shafi mutum 10,565, suka gano cewa tsarin wannan ƙungiya, in an bi shi da kyau, yana kai wa ko ma ya ɗara wasu hanyoyin ƙwararru wajen sa mutum ya daina sha gaba ɗaya. A lura, giya binciken ya shafa, kuma zaman ido da ido ne. Hujjar zaurukan intanet ba ta kai wannan ƙarfi ba, kuma matsalarsu sananna ce: shiga da sauƙi, sulalewa ma da sauƙi.

A shekarar korona, 2020, dubban irin waɗannan tarurruka suka koma Zoom da WhatsApp. A Afirka ma akwai misalai. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci kusa da asibiti suna sauraren masu yawan tunani, kuma gwajin da aka buga a 2016 a kan mutum 573 ya nuna sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka bi da su ta hanyar da aka saba. A Nijeriya Hauwa Ojeifo ta kafa She Writes Woman a 2016, Victor Ugo kuma ya kafa Mentally Aware Nigeria Initiative. Ƙungiyoyin Nijeriyar biyu sun yi amfani da kafofin sada zumunta, amma da Turanci suke yawancin aikinsu, da mutanen birni. Manomin Kance ba ya cikin wannan zance.

Fada: akwai zama, babu sirri

Matameye ba ta rasa wurin zama ba. A tsaya a bakin wata fada bayan sallar isha'i: tabarma biyu, benci ɗaya, gawayi na ja a ɗan murhun waya, ƙaramin cikinsu na ɗaga buta sama yana tsiyayar shayi don ya yi kumfa. Ana shan na farko mai ɗaci, ana jiran na biyu da na uku, ana gardamar ƙwallo da farashin mai. Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a 2019 a kan fadojin Nijar, ta nuna yadda suke ba matashin da ba shi da aiki wurin da ake ganin mutuncinsa. Ƴan fada na haɗa kuɗin suna da na asibiti, suna raka juna jana'iza. Rabin aikin zauren taimakon juna ke nan.

Ɗaya rabin ne babu. A fada ba a cewa na kasa. Wanda ya ce kwana uku bai runtsa ba, ko yana jin rayuwa ta ishe shi, za a ce masa ya yi haƙuri, namiji ne, a mayar da zancen wasa. Kunya da haƙuri, waɗanda Kirk-Greene ya lissafa cikin siffofin mutumin kirki a 1974, su ne ke riƙe mutunci, su ne kuma ke rufe bakin mai ciwo. Kuma sau da yawa a gefen wannan tabarma aka fara miƙa masa ƙwayar farko. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ga mace abin ya fi tsanani. Budurwar da aka ji tana shan sirop, wato maganin tari mai kodin, maganar aurenta ta lalace, har ta shafi ƙannenta.

Waya da sirrin da bai cika ba

A 2004 John Suler ya yi bayanin yadda mutum ke sakin baki a intanet saboda ba a ganin fuskarsa, ba a san sunansa ba. Wannan shi ne alkawarin zauren waya. Amma bayanin ya ɗauka cewa kowa na da na'urarsa shi kaɗai, kuma rubutu yake yi. A Matameye duka biyun ba haka suke ba.

Na farko, manhajar da kowa ya sani ita ce WhatsApp, kuma a zaurenta lambar mutum na iya bayyana ga sauran mahalarta. A ƙaramin gari lamba suna ce. Na biyu, yawancin manya ba sa iya dogon rubutu, saƙon murya ake yi, murya kuwa fuska ce ta biyu. A ɗauki misalin ɗan kabu-kabun da ya koma bayan gida da tsakar dare, ya danna ya yi raɗa: "Ƴan'uwa, yau kwana huɗu ban sha ba, amma jikina kamar an yi mini duka, ku taya ni da addu'a." Bai faɗi sunansa ba. Amma in akwai ɗan unguwarsu a zauren, kafin ya kai ƙarshen jimlar an gane shi. Na uku, wayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Da safe tana wurin mai caji, da rana ƙane ya ara, matar aure kuwa sau da yawa wayar maigida take amfani da ita. Na huɗu, magana zarar bunu ce, a waya ma ta fi: dannawa ɗaya ta isa a tura muryar mutum zauren ƴan unguwa. Kariyar da kamfanin ya sa tun 2016 tana hana na waje satar saurare a hanya, ba ta hana na ciki cin amana. Ga kuma doka: tun dokar 1999 ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sha ba bisa ƙa'ida ba laifi ne a Nijar, don haka wanda ya furta yana sha ya ba da shaida a kan kansa.

Nisa a madadin ɓoye suna

Tunda murya ba ta ɓuya, abin da ya rage shi ne a kai ta inda ba a san ta ba. A nan Hausa ke da ribar da ƙananan harsuna ba su da ita. Ɗan Matameye zai iya zama zaure ɗaya da ɗan Tawa, da ɗan Gusau, da ɗan cirani a Tamanrasset, su fahimci juna sarai, ba wanda ya san gidan wani. Ke nan kuskure ne a buɗe zaure a sa masa sunan gari. Kamata ya yi a warwatsa ƴan gari ɗaya, kowa a zaure dabam, maza dabam mata dabam.

Tsarin riƙon amana ma ba sai an aro shi daga Akron ba. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi tare da ƙungiyar CARE, tsarin da daga baya ya bazu a ƙasashe da dama. Mata kaɗan da suka yarda da juna, ranar zama tsayayya, doka da tara, da akwati mai kwaɗo uku wanda mace ɗaya ba ta iya buɗewa. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, amma ba a kuka a kasuwa. Mutum goma ko goma sha biyu sun isa, da lokaci sananne a mako, da jagora biyu: wanda ya taɓa sha ya daina, da ma'aikacin lafiya. A riƙa goge saƙonni, a hana tallar magani da wa'azin tsinuwa. Wanda ya koma ruwa a karɓe shi ya sake ƙirga kwanakinsa, domin komawa ɗabi'ar ciwon ce. Wanda ya fitar da murya waje kuwa a kore shi nan take.

Iyakar waya

Akwai abin da zaure ba ya yi. Tramol mai yawa na kawo farfaɗiya. Wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke rana ɗaya, zai sha fama da zufa, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci da firgita, shi ya sa ake son a rage a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Mai shan diyazefam ma yankewar gaggawa na iya jefa shi cikin haɗari. Wanda ya fara jin muryoyi, ko ya ambaci kashe kansa, ba saƙon murya yake buƙata ba; mutum yake buƙata a ƙofar gidansa. A nan nisan da ya kare sirri ya zama cikas, don ɗan Tawa ba zai ƙwanƙwasa ƙofa a Kance ba. Mafita ita ce jagora ma'aikacin lafiya, shi kaɗai, ya san sunan kowa da garinsu da wanda za a kira, da yardar mai shiga tun farko, ya kuma san majo, wato babban ma'aikacin cibiyar lafiya mafi kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP tun 2008 don koya wa irin waɗannan ma'aikata kula da ciwon ƙwaƙwalwa. Zauren da ba shi da wannan igiya zuwa asibiti, hira ce kawai.

Kammalawa

Matameye tana da al'adar zama tare, tana da harshen da ya tsallake iyakoki, tana da gadon riƙon amana a akwatin mata. Abin da ta rasa shi ne wurin da mutum zai ce na kasa, gobe kuma ya shiga kasuwa ba a nuna shi da baki ba. Waya na iya samar da wannan wuri in an tsara shi da sanin cewa a nan murya suna ce, waya kuma ta gida ce. Ma'aunin nasararsa ba yawan mahalarta ba ne. A duba ko ɗan kabu-kabun nan ya sake danna wayar a dare na biyar.