Canza fulin gaban injin mota

Fuli wani zagayayyen ƙarfe ne da ke ɗaure a bakin babbar sandar inji. Shi ke jan bel, bel kuma ya juya dinamo da famfon ruwa. Zafi da yoyon mai suna cinye robar da ke cikinsa.

Idan ka ga yana rawa, ko bel yana zamewa, ko fitilar batir ta kama, ka tsaya. Inji yana iya ƙonewa a cikin rairayi tsakanin Gidan Amumune da Mayahi, nesa da gareji.

1. Kashe inji, ka cire wayar batir mai alamar (-).
2. Lura da yadda bel ya zagaya, sannan ka sassauta shi.
3. Sa giya, wani ya taka birki, ka kwance babban noti na tsakiya.
4. Zare fuli da ƙarfen zarewa. Kada ka buga guduma.
5. Duba robar da ke tare mai. In tana yoyo, canza ta.
6. Sa sabon fuli mai lamba irin ta tsohon, ka ɗaure notin bisa ma'aunin kamfanin motar.
7. Mai da bel, ka tada inji.

In fuli bai daina rawa ba, nemi bakanike a Mayahi ko Tasawa.