Idan ruwa ya tsare baƙo a Tiga: Wuraren fakewa daga bakin dam zuwa birnin Kano

Duk abin da ke kawo baƙo Tiga a sarari yake: faɗin ruwan dam, duwatsun da suka kewaye shi, kwale-kwalen masunta, da kuma dajin Falgore da ke can kudu a kan hanyar Jos. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da rufi. Saboda haka ranar da hadari ya haɗo daga gabas, musamman a watan Agusta lokacin da damina ta kankama, wanda ya zo yawon buɗe ido yakan tsinci kansa zaune a mota ko a rumfar mai shayi yana jiran ruwa ya ɗauke. Kudancin jihar Kano, wato Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ya fi arewacinta samun ruwan sama, don haka irin wannan rana ba baƙuwa ba ce.

Ga bayanin wuraren da mai ziyara zai iya nufa a irin wannan yini, da tarihin kowannensu, da kuma dalilin da ya sa kusan dukkansu suke cikin birni, tafiyar kimanin kilomita 70 daga bakin ruwan.

Abin da aka gina a Tiga da abin da ya zama

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a zamanin gwamnan jihar na farko, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. Babban burin shi ne noman rani, kuma har yau ruwan Tiga ne ke shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura. Amma gwamnatin wancan lokaci ta yi tunanin baƙi ma. Ta gina otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana fuskantar tafkin, ta kuma gina otal ɗin Bagauda a bakin ƙaramin tafkin Bagauda, domin wanda ya zo kallon ruwa ya sami ɗakin kwana da zauren cin abinci da wurin taro.

Otal ɗin Bagauda ya daɗe da barin karɓar matafiya. A harabarsa ne reshen Kano na Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya yake a yanzu. Rock Castle kuwa ya shafe shekaru masu yawa ba ya cikin darajar da aka san shi da ita. A wa'adin mulki na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso, daga 2011 zuwa 2015, an kafa cibiyoyin koyar da sana'o'i a wannan yanki, ciki har da ta harkar fim a Tiga da ta gyaran tarbiyya a Kiru. Waɗannan duka makarantu ne, ba wuraren da baƙo zai shiga ya wuce lokaci ba.

Dama mafi girma da yankin ya taɓa samu ta mallakar babban wurin nishaɗi mai rufi ta zo a 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta bayyana shirin gina dandalin shirya finafinai a garin Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai da dama sun yi wa shirin ca daga kan mumbari da kafafen sada zumunta, suna cewa zai gurɓata tarbiyya, gwamnati kuma ta janye shi a cikin shekarar. Masu goyon baya da masu suka har yanzu ba su daina muhawara a kai ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne ba a kawo wani aiki makamancinsa ya maye gurbinsa ba.

Wanda bai son barin Tiga, abin da ya rage masa shi ne abin da mutanen gari suke yi: zama a rumfa ana cin soyayyen kifin da aka kamo da safe, ko gasasshiyar masara idan sabuwa ta fito, ko buga dara, ko shiga gidan kallo idan akwai wasan ƙwallo kuma injin bai ƙi tashi ba. Hirar masunta da manoma kan yadda ake sakin ruwa da wanda yake amfana da shi ta ishi mai son siyasa darasin yini guda.

Gidan Makama

Ga wanda ya zaɓi shiga birni, wurin da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Gidan Makama, daura da Gidan Sarki. Tarihi ya danganta ginin da Muhammadu Rumfa, wanda ya zauna a cikinsa yana Makama kafin ya hau gadon sarauta, ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan na wani lokaci. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa.

Zaurukansa suna bin tarihin Kano daki-daki: sarakunan Haɓe, jihadi da zuwan Fulani, zuwan Turawa, sannan zamanin siyasar jam'iyyu. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da kayan yaƙi irin su sulke da lifidi, da kayan kiɗa, da tufafi, da kayan ɗakin amarya irin na da. Ranar ruwa tana da wata fa'ida ta daban a nan, domin a lokacin ne mutum zai ga yadda ginin ƙasa yake aiki: kaurin bango, bakan gizon da ke ɗauke da rufin azara, da indararon da ke jefa ruwa nesa da tushen gini. A lokacin ne kuma ake ganin inda aka yi sakaci. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, kuma duk daminar da ta wuce ba a gyara ba sai ta tafi da wani abu. Ganuwar Kano, wadda ruwa da masu haƙar ƙasa da masu gine-gine suka cinye mafi yawanta, ita ce babbar shaida.

Gidan Ɗan Hausa

A unguwar Nasarawa akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna. Bature ne haifaffen Suwizalan, ya yi wa gwamnatin mulkin mallaka aiki a matsayin shugaban sashen ilimi na Arewa, kuma ƙwarewarsa a harshen ce ta sa aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa. A Nasarawa ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a 1909, kuma yana cikin waɗanda suka tsara yadda ake rubuta Hausa da haruffan boko. Gidan yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jihar Kano, ana kuma nuna kayan tarihi da na sana'o'in gargajiya a cikinsa. Mai son fahimtar dalilin da ya sa muhawarar boko da allo ta ƙi ƙarewa a Arewa, a nan zai ga inda ta samo tushe.

Gidan Mambayya

A Gwammaja gidan Malam Aminu Kano yake, wanda ake kira Gidan Mambayya, da sunan mahaifiyarsa. A nan ya zauna, a nan kuma aka binne shi bayan rasuwarsa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Yau gidan cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. An adana ɗakunansa da wasu kayan da ya yi amfani da su, akwai ɗakin karatu, akwai kuma zauren taro mai ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, inda ake yawan yin laccoci da taron ƙungiyoyin farar hula.

Ga matashin da ya san NEPU, wadda aka kafa a 1950, da PRP ta Jamhuriya ta Biyu a bakin manya kawai, awa biyu a Mambayya sun fi yini guda na musu a Facebook. Ƙanƙantar gidan da ƙarancin kayan da ke cikinsa suna faɗin abin da hotunan kamfe ba za su faɗa ba, ganin yadda kowane ɓangare na siyasar Kano yake da'awar gadon mai gidan. Yana da kyau a tambayi jadawalin zauren kafin a zo, domin wani taron kowa na iya shiga, wani kuma sai da gayyata.

Ɗakin karatu na Murtala Muhammad

A kan titin Ahmadu Bello babban ɗakin karatu na jiha yake, mai ɗauke da sunan Janar Murtala Muhammad. Shi ne wurin da ya fi sauƙin kuɗi ga wanda yake son zama cikin natsuwa har ruwa ya ɗauke. Ɗalibai masu shirin jarrabawa su suka fi cika shi, kuma akan yi ƙaddamar da littattafai da tarukan marubuta a zaurensa. Mai bincike kan wata manufa ta gwamnati ko wani lamari na baya zai iya neman sashen jaridu.

Kasuwanni da sinima

Kasuwar Kurmi, wadda ita ma ake danganta kafuwarta da zamanin Rumfa, tana da rumfuna a jere inda ake sayar da kayan fata da na saƙa da turare da littattafan addini. Ta dace da yayyafi, ba ta dace da ruwa mai ƙarfi ba, domin lungunanta matsattsu ne kuma a bakin Jakara take. Haka abin yake a Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi da atamfa. A daminar 2022 ambaliya ta shiga shagunanta ta lalata kaya masu ɗimbin yawa, 'yan kasuwa da dama kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyin ruwa.

Wurin da aka gina tun farko domin a yini a ciki ba tare da damuwa da sama ba shi ne rukunin shaguna na Ado Bayero da ke kan titin gidan zu, wanda aka buɗe a 2014. Akwai shaguna da wuraren cin abinci da na wasan yara. Babban kantin Shoprite, wanda shi ya fi jan jama'a a farko, ya rufe reshensa na Kano a watan Janairun 2024.

Sinima kuwa tana da nata tarihin da ruwan sama. Yawancin tsofaffin gidajen sinimar Kano babu rufi a kan mafi yawan kujerunsu, sai dare ya yi ake haska fim, hadari kuma yana iya tashin kallo. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000 da kafa hukumar tace finafinai a 2001, ga kuma yaɗuwar bidiyo a gidaje, akasarinsu sun mutu ko sun koma wani abu. Ɗakunan kallo na zamani masu rufi sun zo ne daga baya, kuma ba su da yawa, saboda haka a tabbatar da wanda ke aiki da lokacin nuna fim kafin a kama hanya.

Kiyaye hanya

Tafiya daga Tiga zuwa birni cikin ruwa tana buƙatar lura. Idan ana tsawa, a sauko daga kan duwatsu, a kuma haƙura da shiga kwale-kwale. Kada a ratsa ruwan da ke gudu a kan titi ko ƙaramar gada don an ga wani ya ratsa. Tsofaffin wannan yanki ba su manta da ɓallewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988 ba, da rayuka da gonakin da ya tafi da su. Dajin Falgore ba wurin shiga ba ne a ranar ruwa, ko a ranar da gari ya yi wasai ma sai da jagora da sanin halin tsaro. A cikin birni, tun 2013 aka hana acaɓa, don haka adaidaita sahu ko tasi ne abin hawa, kuma kuɗinsu kan tashi idan ruwa ya sauka. Ranar Juma'a da tsakar rana hanyoyin da ke kewayen babban masallaci da Gidan Makama suna cushewa.

Tambayar da ta rage

Duk wanda ya bi wannan jeri zai lura da cewa wuraren da suka fi amfani, wato gidajen tarihi biyu da Mambayya da ɗakin karatu, na hukuma ne, da kuɗin jama'a ake riƙe su, kuma dukkansu a cikin ƙwaryar birni da kewayenta suke. Ƙananan hukumomin da ke kewaye da madatsar da ke ciyar da noman ranin jihar ba su da wani sanannen gidan tarihi da zai ba baƙo labarin yadda aka gina ta, da garuruwan da aka tasa domin ta, da inda ruwanta yake zuwa. Shekara hamsin bayan kammala aikin, ɗalibin da aka kawo yawon ilimi yakan ga ruwa ya koma gida.

Gyaran Rock Castle, ko keɓe zaure ɗaya a Tiga domin hotuna da taswirori da tarihin madatsar, ba aiki ne da ya fi ƙarfin jiha ba. Yankin yana da 'yan majalisar jiha da na tarayya, kuma kasafin kuɗin jiha takarda ce da kowa ke da ikon dubawa. Abin da aka ware wa yawon buɗe ido da gidajen tarihi a kowace shekara, da abin da aka saki a zahiri, su ne alƙaluman da ya kamata matasan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su nema kafin masu neman ƙuri'a su sake zuwa.