Nunar gwaba

Nunar gwaba ita ce sauyin da ɗan itacen gwaba ke yi bayan ya gama girma, inda launin ɓawonsa ke juyawa daga kore zuwa rawaya, tsokarsa ta yi laushi, baurinsa ya ragu, ƙamshinsa kuma ya fito. Manoma da masana aikin lambu suna bambanta matakai biyu: ƙosawa, wato lokacin da gwaba ta kai cikakken girmanta a kan bishiya, da kuma nuna, wato lokacin da ta yi daɗin ci. Gwabar da ta ƙosa tana iya ƙarasa nuna bayan an tsinke ta, amma wadda aka tsinka kafin ta ƙosa ba ta yin zaƙi, sai dai ta yanƙwane. Gane wannan bambanci shi ne tushen sanin lokacin tsinka, musamman a arewacin Najeriya inda mafi yawan gwaba daga bishiyoyin gida da ƙananan lambuna take fitowa.

Asali da yaɗuwa

Gwaba, wadda wasu ke kira gwaiba ko goba, sunanta na kimiyya Psidium guajava, kuma masanin tsirrai Carl Linnaeus ne ya sanya mata shi a shekarar 1753. Tana cikin dangin Myrtaceae, dangi ɗaya da kanumfari da bishiyar turare. Asalinta yankunan zafi ne na nahiyar Amurka, daga Meziko zuwa arewacin Kudancin Amurka. Turawan Sifaniya da na Fotugal ne suka yaɗa ta zuwa Asiya da Afirka. A yau Indiya ce kan gaba a duniya wajen noman ta.

A jihar Kaduna ana samun gwaba a tsakar gida, da bayan gari, da bakin rafi da fadamu. Ƙasar Birnin Gwari da ke yammacin jihar, inda gandun dajin Kamuku yake, tana da damina mai kimanin wata shida da ruwan sama wadatacce, don haka bishiyar na rayuwa ba tare da ban ruwa ba. A ƙauyukan yankin, kamar sauran karkarar arewa, yawancin bishiyoyin daga ƙwaya suka tsiro, wasu ma tsuntsaye da jemagu ne suka kai irin. Wannan ya sa bishiyoyi biyu a gida ɗaya kan bambanta a girman 'ya'ya, da launin ciki, da zaƙi, da yawan ƙwaya. Saboda haka alamar nuna da ta dace da wata bishiya ba lallai ta dace da maƙwabciyarta ba.

Yadda gwaba ke nuna

Bishiyar da aka shuka daga ƙwaya takan fara 'ya'ya cikin shekara 2 zuwa 4. Daga buɗewar fure zuwa ƙosawar ɗan itace akan ɗauki kimanin wata 4 zuwa 5, gwargwadon iri da yanayin zafi. A arewacin Najeriya gwaba ta fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka, amma bishiyoyin da ke samun ruwa a fadama ko lambu sukan yi 'ya'ya har da rani.

Gwaba na cikin 'ya'yan itacen da ke fitar da iskar etilin idan sun fara nuna, kamar ayaba da mangwaro da tumatir. Wannan iska ce ke tayar da sauye-sauye a cikin ɗan itacen: koren launin ɓawo ya gushe, sinadarin fektin da ke riƙe tsoka ya sassauta, sinadarin tanin mai sa bauri ya ragu, tsami ya sauka. Sai dai gwaba ba ta tara sitaci mai yawa irin na ayaba wanda zai rikiɗe ya zama sukari bayan tsinka. Mafi yawan zaƙinta a kan bishiya take samun sa, cikin makonnin ƙarshe kafin ta nuna. Abin da ajiya ke ƙara mata shi ne laushi da ƙamshi da raguwar bauri.

Alamomin ƙosawa da nuna

Launi. Ɗanyar gwaba koriya ce shar. Idan ta ƙosa koren yakan yi haske, daga nan ya koma rawaya-rawaya, yawanci daga ɓangaren da rana ke bugawa. Launi shi ne alamar da aka fi amfani da ita, amma yana iya ruɗarwa. Akwai irin da ke zama kore mai haske ko da ya nuna, kuma gwabar da tsutsa ta shiga ko rana ta ƙona takan yi rawaya tun lokacinta bai yi ba.

Girma da fata. Gwabar da ta ƙosa takan cika ta yi ɓulɓul, kurajen da ke jikin ɗanyarta su baje, fatar ta yi sumul da ɗan sheƙi.

Tauri. Ana riƙe ta a tafin hannu a matsa kaɗan. Ɗanya tana da tauri kamar dutse, nunanniya tana ɗan lotsawa, wadda ta wuce kuma ta yi tuɓus. Latsawa da kan yatsa yana barin tabo wanda ke zama mafarin ruɓewa.

Ƙamshi. Ɗanyar gwaba kusan ba ta da ƙamshi. Nunanniya ana jin ƙamshinta tun kafin a kai ta hanci. Idan ƙamshin ya juya ya zama tsami-tsami, ta fara lalacewa.

Sauƙin tsinkewa. Idan an ɗaga ta aka ɗan murɗa, wadda ta nuna takan rabu da reshe ba tare da ja ba.

Gwajin ruwa. Yayin da gwaba ke nuna, nauyinta idan aka kwatanta da girmanta yana raguwa. Don haka ɗanya takan nutse a cikin bokitin ruwa, wadda ta nuna kuma ta taso sama. Masu bincike a Indiya sun daɗe suna amfani da wannan ma'auni wajen rarraba gwaba.

A cibiyoyin bincike da masana'antun lemon kwalba ana auna zaƙi da wata ƙaramar na'ura da ake ɗiga wa ruwan ɗan itace, wadda ke ba da sakamako a ma'aunin Brix. Nunanniyar gwaba takan ba da kimanin 8 zuwa 12. Mai bishiya a gida kuwa ya fi dogara da haɗa alamu biyu ko uku, sannan ya yanka ɗaya ya ɗanɗana kafin ya tsinke sauran.

Matakan tsinka

Lokacin tsinka ya danganta da inda gwabar za ta.

Koriya mai haske, wadda ta ƙosa amma tana da tauri, ita ake tsinka domin kasuwa mai nisa. Tana jure tafiya, kuma takan nuna cikin 'yan kwanaki. Mutane da yawa ma sun fi son cin ta a haka saboda garas-garas ɗinta.

Mai launi tsakanin kore da rawaya ta dace da kasuwar kusa da talla, inda za a sayar cikin kwana 1 ko 2.

Wadda ta yi rawaya gaba ɗaya ta fi zaƙi da ƙamshi, amma ta ci ce a ranar ko ta matse ruwa.

Nisan kasuwa yana da tasiri a yankin Birnin Gwari, domin tafiya daga garin zuwa Kaduna ta haura kilomita 100, kuma hanyar ta yi shekaru tana fama da matsalar tsaro da lalacewa. Kayan da aka loda da nunarsu cikakka kan isa a dagargaje idan mota ta yi jinkiri. Haka ma dillalan da ke kai kaya manyan kasuwanni irin su 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano sun fi neman wadda ta ƙosa ba ta yi laushi ba.

'Ya'yan bishiya ɗaya ba sa nuna tare, don haka akan zagaya bishiya duk bayan kwana 2 ko 3 a lokacin kakarta. An fi son tsinka da hannu da safe kafin rana ta yi zafi. Girgiza bishiya, ko jifa, ko kaɗowa da sanda suna zubo da ɗanya da nunanniya gaba ɗaya, kuma duk wadda ta bugi ƙasa tana yin rauni a ciki ko da ba a gani a waje ba.

Ingancin gwaba

Ana duba ingancin gwaba ta fuskar girma, da tsaftar fata, da kaurin tsoka, da ƙarancin ƙwaya, da daidaiton zaƙi da tsami. Ɗan itace ɗaya kan ƙunshi ƙwaya daga kimanin 100 zuwa 500, don haka irin da ke da tsoka mai kauri da ƙaramin gurbin ƙwaya ya fi daraja. Akwai mai farin ciki da mai jan ciki. Jan launin daga sinadarin laikofin yake, irin wanda ke cikin tumatir da kankana. Launin ciki na iri ne, ba alamar nuna ba. Daga cikin irin da suka shahara a duniya akwai Allahabad Safeda da Lucknow 49 na Indiya, dukkansu masu farin ciki.

Yanayi ma yana sauya inganci. Gwabar da ta nuna a tsakiyar ruwan sama takan yi lami saboda yawan ruwa, kuma ta fi saurin tsagewa da kamuwa da tsutsa. Wadda ta nuna bayan ɗaukewar ruwa ta fi zaƙi da daɗewa. Idan reshe ya ɗauki 'ya'ya da yawa sukan fito ƙanana, shi ya sa masu lambu ke rage su tun suna ƙanana, su bar 1 ko 2 a kowane gungu. Mai son 'ya'ya iri ɗaya da na wata bishiya mai kyau sai ya yi dashe ta hanyar aure ko fitar da saiwa a jikin reshe, domin ƙwaya ba ta tabbatar da halin uwa.

Gwaba tana da sinadarin bitamin C mai yawa. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna kimanin miligiram 228 a cikin giram 100, wato kusan ninki 4 na lemon zaƙi. Ya fi taruwa a ɓawo da tsokar da ke kusa da shi, kuma yana raguwa idan gwaba ta wuce nuna. Don haka wankewa a ci da ɓawo ya fi ferewa amfani. A cinikin ƙasa da ƙasa, hukumar Codex Alimentarius ta fitar da ƙa'idar gwaba a shekarar 1999, wadda ta raba ta aji uku bisa kamanni da yawan tabo.

Tsutsa da cututtuka

Babbar matsalar gwabar gida ita ce tsutsa. Ba daga cikin gwaba take samuwa da kanta ba. Ƙudan 'ya'yan itace ne ke huda ɓawo ya saka ƙwai. Ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, tsutsar ta ci tsoka na mako 1 zuwa 2, sannan ta fita ta shiga ƙasa, daga baya ta fito a matsayin sabon ƙuda. Mafi ɓarna shi ne nau'in Bactrocera dorsalis, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a shekarar 2003, kuma cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa Afirka ta Yamma. Yana kai wa mangwaro da lemo hari kamar yadda yake kai wa gwaba.

Alamun shigarsa su ne ɗan ɗigon huda a fata, da wuri mai laushi a kewayen ɗigon, da nuna ta ɓangare ɗaya, da faɗuwa kafin lokaci. Ƙudan ya fi son gwabar da ta fara juyawa, don haka barin ta ta daɗe a sama bayan ta ƙosa yana ƙara asara. Hanyoyin kariya sun haɗa da tsince duk wadda ta faɗi a binne ta a rami mai zurfin aƙalla rabin mita, ko a ɗaure ta cikin baƙar leda a bar ta a rana, da rufe 'ya'yan da jakar takarda tun suna ƙanana, da rataye tarko mai sinadarin da ke jawo mazan ƙudan.

Akwai kuma cutar antaraknos da naman gwari ke jawowa, wadda ke fitar da baƙaƙen tabo masu lotsawa a kan nunanniyar gwaba, kuma ta fi tsanani da damina. Sassabe rassa domin iska da rana su ratsa bishiya yana rage ta. Jemagu da tsuntsaye su ma suna cin wadda ta nuna a sama. A arewa, manoma na samun shawara kan irin waɗannan matsaloli daga malaman gona da cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya, da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da ke Bagauda a jihar Kano.

Nunarwa da ajiya

Gwabar da ta ƙosa takan nuna da kanta idan an shimfiɗa ta a inuwa a ɗaki mai iska. Idan ana son gaggawa, sai a sa ta cikin jakar takarda ko kwando tare da nunanniyar ayaba, saboda etilin da ayabar ke fitarwa. Rufe ta a leda ba tare da huda ba yana sa ta gumi ta ruɓe. Hukumar NAFDAC ta haramta nunar da 'ya'yan itace da sinadarin kabaid, wanda masu walda ke amfani da shi, saboda illarsa ga lafiya.

A zafin ɗaki nunanniyar gwaba ba ta wuce kwana 2 zuwa 3. A cikin sanyi mai digiri 8 zuwa 10 na ma'aunin Salshiyas, wadda ta ƙosa ba ta nuna ba tana iya kai mako 2 zuwa 3, nunanniya kuma kimanin mako 1 a digiri 5 zuwa 8. Sanyin da ya wuce haka yana sa fatar ta yi duhu, ɗanya kuma ta kasa nuna daidai bayan an fito da ita. Wajen lodi, kwando marar zurfi da aka shimfiɗa wa ganye ko takarda, ko akwatin roba mai huda, ya fi buhu, domin a buhu na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin na sama. Ana kuma ware mai rauni ko mai huda tun kafin lodi, saboda ruɓewar ɗaya tana saurin kama na kusa da ita.

Duba kuma

Gwaba
Mangwaro
Noman rani
Birnin Gwari
Gandun dajin Kamuku